Begilar Mazan Jiya da Taken Soja

A wani ƙauye da ke gefen hanyar Maraɗi zuwa Damagaram akwai wani dattijo. Shekarunsa sun wuce 70. Manomi ne. Yana da gonar hatsi da ta wake, da ƴan awaki a bayan gida. Amma ba da noma aka san shi ba. Yaro da babba, Mai Begila suke ce masa.

Begila ita ce ƙahon soja. Da tagulla ake ƙera ta. Ba ta da huda irin ta sarewa, ba ta da maɓalli ko ɗaya. Leɓe da numfashi su ne ke yin aikin duka. Murya biyar ko kusa da haka take fitarwa. Da waɗannan muryoyi ake tada soja daga barci, a kira shi cin abinci, a kira shi taro, a gaida tuta, a ce masa ya kwanta. Kafin zuwan waya da rediyo, begila ce bakin kwamanda a fagen fama.

Ta dattijon nan tana cikin akwatin ƙarfe, naɗe cikin tsohon rawani. Ta lotse wuri biyu. Ba shi ya saye ta ba. Gadon ubansa ce.

A zamanin Turawa ana yanka wa kowane sarki yawan samarin da zai kawo soja. Sarki kuma ya raba wa masu gari. Wanda abin ya faɗa kansa, sai ya yi sallama da gida. Haka aka ɗauki uban dattijon cikin yaƙin duniya na biyu, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945. An kai shi bakin teku, an sa shi jirgin ruwa. Da aka ga yana da ƙirji, aka ba shi busa. Bayan yaƙi ya komo gida, ya ɗauki hauyarsa. Bai cika ba da labarin yaƙi ba. In an matsa masa, sai ya ce akwai sanyi, kuma ruwan teku ba ya shayuwa. Abin da ya koya wa ɗansa shi ne muryoyin nan biyar, da dare, a bayan rumbu.

Wannan busa ce ta kai ɗan soja shi ma. Nijar ta samu ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960, aka kafa rundunar sojanta a 1961. Wajen shekara goma bayan haka yaron ya shiga. Ran da aka ji busarsa, aka ware shi, aka sa shi cikin ƴan badujala, wato makaɗa da mabusan soja, waɗanda mutanen birni ke ce wa fanfar.

Wanda ya taɓa ganin fareti a Yamai, ko a Maraɗi, ko Tawa, ko Damagaram ranar 18 ga Disamba, ya ga ƴan badujala. Akwai masu ƙaho mai maɓalli uku. Akwai masu dogon ƙaho da ake ja ana turawa. Akwai mai ƙaton ƙaho da ake rungumewa kamar ɗan maraƙi, muryarsa can ƙasa. Akwai ƙananan ganguna, da faifan ƙarfe biyu da ake gwarawa. Sai babbar ganga a tsakiya. Ita ce uwar tafiya. Duk lokacin da ta ce dum, ƙafar hagu ce ke taka ƙasa. A tsarin da aka gada daga Faransa, soja na yin taku 120 cikin minti guda, wato taku biyu kowace daƙiƙa. Manomi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san gangar gayya. Ya san yadda makaɗi ke haɗa hauya talatin ta sauka tare, ta tashi tare, har mai gajiya ya manta da gajiyarsa. Aikin badujala ke nan ga ƙafar soja.

Amma akwai wani aiki na biyu, kuma shi ne ya dami dattijon da ya tsufa.

A ƙasar Hausa ba a busa a banza. In kakaki ya tashi a ƙofar fada, wanda ya sani ya san abin da yake faɗi. Sarki na da takensa. Ɗan kokowa na da nasa, mahauci na da nasa, maharbi na da nasa. Da an kaɗa take, mai shi zai miƙe ko yana cin tuwo. To, kiɗan macin soja shi ma take ne. Wani an shirya shi don wata runduna. Wani don wani janar. Wani kuma don tunawa da ranar da aka gwabza a wani wuri, mutane suka mutu. Faransawa har suna da wanda suke tuna yaƙin Sidi Brahim da shi. An yi yaƙin a Aljeriya cikin Satumba 1845, kuma su aka ci, Amir Abdulƙadir ne ya yi galaba. Duk da haka suka mai da ranar abin busa, saboda mutanensu da suka ƙi miƙa wuya. Take ke nan. Mai shi ne ke zaɓen abin da za a tuna.

Sarjan ɗin da ya koya wa su dattijon kiɗa tsohon sojan Faransa ne. Takardun kiɗan da ke hannunsa can ya samo su. Yaran ba su jin faransanci sosai, don haka suka raɗa wa kowane kiɗa suna nasu. Akwai guda da dattijon ya fi so. Yana da daɗin taku, yana tada tsikar jiki. Sarjan ya ce musu akwai sunan Cadi cikin waƙarsa, sai suka riƙa ce masa Na Cadi. Shekara da shekaru yana busa shi. Ko da ya bar soja ya komo noma, in yana shara a gona, shi yake yi da fito. Bai taɓa tambayar taken wane ne ba.

Jikansa ne ya tayar da maganar. Yaron na karatu a kwaleji cikin birni. Da hutu ya zo gida, ya ji fiton, ya nemo kiɗan cikin wayarsa. Kun san wasan jika da kaka. Ya ce:

"Tsoho, shekara nawa kana yi wa mutum roƙo, ba ka san sunansa ba?"

Dattijo ya ce: "Kai ja can, ɗan nema. In ka sani, faɗi."

Yaro ya zauna bisa tabarma ya karanta masa. Ga abin da ya ji.

A 1940 Jamus ta ci Faransa. Janar Dagol ya tsere Ingila, ya ce ba a gama yaƙi ba. Yawancin ƙasashen da Faransa ke mulka suka bi gwamnatin da ta miƙa wuya. Nijar ma a lokacin tana hannun wannan gwamnati. Amma gwamnan Cadi, Feliks Ebuwe, wanda baƙar fata ne, ya bi Dagol ran 26 ga Agusta 1940. Aka turo wani hafsa, Laklar, ya riƙe sojan Cadi. A farkon 1941 ya ɗebi mutum wajen 400. Kusan 300 daga cikinsu baƙaƙen fata ne. Suka shiga tsofaffin motoci, suka ratsa hamada. Daga babban birnin Cadi zuwa inda suka nufa ya fi kilomita 1500. Makiyayin da ya san Tenere ya san abin da wannan ke nufi: rana, yashi mai cin ƙafar mota, da ruwa na awo. Babbar bindigarsu guda ɗaya ce tak. Da ita suka kewaye sansanin Italiyawa a Kufra, cikin ƙasar Libiya. Ran 1 ga Maris 1941 Italiyawa suka miƙa wuya. Washegari Laklar ya sa mutanensa suka yi rantsuwa: ba za su aje makami ba sai tutar Faransa ta tashi a birnin Strasbur, wanda ke hannun Jamus.

Daga nan suka ci Fezzan, suka isa Tarabulus a Janairu 1943, suka yi yaƙi a Tunisiya. Cikin shekarar aka mai da su babbar runduna ta tankoki, ana ce mata runduna ta biyu. Amurka ce ta ba da tankokin da kayan. A zamanin nan Amurka ba ta haɗa baƙi da fari cikin runduna guda. Manyan Faransa kuma suka yarda. Aka tsame baƙaƙen soja daga rundunar, aka tura su wasu wurare. Rundunar ta shiga Paris ran 25 ga Agusta 1944, mata na jefa furanni. Ta shiga Strasbur ran 23 ga Nuwamba 1944, rantsuwar Kufra ta cika. Baƙaƙen sojan da suka sha ƙishirwa a hanyar Kufra ba su cikin taron. A 1946 wani makaɗin soja, Biktor Kulowe, ya shirya wa rundunar takenta. Shi ne Na Cadi.

Dattijo ya yi shiru. Can ya ce a sake karanta masa wurin da aka tsame su.

Gaskiya ita ce taken ba ƙarya ya yi ba. Rundunar ta yi yaƙi, samarinta sun mutu, iyayensu mata sun yi kuka kamar kowace uwa. Sun cancanci a tuna da su. Sai dai an ɗauki sunan ƙasa an sa cikin waƙa, an bar mutanen ƙasar a bakin hanya. Mai sauraro a Paris zai ji Cadi, ya ga hoton Laklar. Ba zai ga wanda ya tura motar cikin yashi ba.

Abin da ya fi sosa wa dattijon rai shi ne labarin ya yi kama da na ubansa. Uban ba ya cikin mutanen Kufra. Yana cikin waɗanda suka sauka daga jiragen ruwa a kudancin Faransa cikin Agusta 1944. Sun yi yaƙi, sun nufi arewa. Da kaka ta yi, aka ce baƙaƙe ba su jure sanyi. Aka janye dubbai daga fagen fama, aka karɓe bindigoginsu da rigunansu aka ba samarin Faransa. Su kuma aka tara su a sansani suna jiran jirgi. Sai yanzu ɗan ya gane abin da tsohon ke nufi da sanyi. Wasu da suka riga komowa Afirka, tsofaffin fursunonin yaƙi, sun nemi haƙƙinsu a sansanin Caroy kusa da Dakar. Ran 1 ga Disamba 1944 aka buɗe musu wuta. A 1959 kuma Faransa ta yi doka ta daskare fanshon mazan jiya na ƙasashen da ke samun ƴanci. Bature da baƙi sun kwanta rami guda, amma kuɗinsu ya bambanta nesa ba kusa ba. Ba a daidaita shi duka ba sai 2011. Uban dattijon ya daɗe da rasuwa kafin nan.

Daga ranar ya daina fiton. Akwati ya zauna a rufe.

Sai ga 2023. A watan Yuni aka sauya taken ƙasa. Tsohon, na 1961, Faransawa ne suka rubuta shi, suka sa masa kiɗa. Dattijon ya busa shi sau ba iyaka yana tsaye ƙyam. A Disamba kuma sojan Faransa na ƙarshe suka bar Nijar. Magana ta yi zafi a majalisar samari, gindin bedi. Wata rana dattijo na wucewa, wani saurayi ya ce:

"Baba, ƙahon nan na Nasara fa? Lokacinsa ya wuce. Masu sayen tsohon ƙarfe na zuwa ran kasuwa."

Aka yi dariya. Saurayin ba da mugunta ya faɗa ba, kuma maganarsa ba ta rasa tushe. Da irin wannan ƙaho aka tashi sojan da suka ci ƙasar nan. Da shi aka tara mutane aikin tilas. Dattijo ya san haka fiye da mai maganar. Ya tsaya, ya dogara da sandarsa, ya ce:

"Ɗana, take nasu ne, ban musa ba. Amma leɓen da ya tsage bisa ƙarfen nan na ubana ne. In na sayar, me zan nuna na ce ya je?"

Ba wanda ya amsa. Shi ma bai ƙara ba. Amma a gida barci ya ƙi zuwa. In ya busa Na Cadi, yana yi wa wani kirari a kan kabarin ubansa. In ya rufe akwati har abada, ya binne tsohon sau biyu.

Akwai wata busa da kowane ɗan badujala ya sani. Ba ta maci ba ce. Ana yin ta a tsaye, a hankali, don waɗanda suka mutu. Ganga ta yi gurnani, begila ta ja murya, kowa ya yi tsit. Ita ma tana da nata tarihi, kuma jikan bai ɓoye masa ba. An fara busa ta a Paris ran 14 ga Yuli 1931. Shugaban makaɗan soja, Piyer Dupon, ya shirya ta. Wanda ya sa a yi ta shi ne Janar Guro. Guron nan shi ne ya kama Samori Ture a 1898, kuma ya yi aikin mulkin mallaka a Damagaram da Cadi a farkon shekarun 1900. Da dattijo ya ji haka sai ya yi dariya, irin wadda ta fi kuka ciwo. Ya ce ashe ko ina ka taɓa cikin kayan nan akwai ƙaya.

Duk da haka ya lura da abu guda. Busar mamata ba ta da waƙa. Ba ta ambaci gari ba, ba ta ambaci janar ba. Wuri ne a buɗe. Sunan da aka faɗa kafin a busa ta, shi ne mai ita.

To, ina sunayen? Nan ne karatun yaƙi da jahilci ya yi masa rana. Ya shiga ajin manya da furfurarsa, ƴan shekaru da suka wuce, wasu na cewa tsufa ya fara taɓa shi. Rubutunsa manya ne, yana karkata kamar karan da iska ta kaɗa, amma ana karanta shi. Ya sayi littafi da alƙalami a kasuwa. Bayan an gama girbi ya shiga gida gida. Wa ya tafi soja daga gidan nan? Yaushe? Ya komo ko bai komo ba?

Aikin bai zo da sauƙi ba. Wani gida suka ce ba su sani ba. Wani gida suka zaci kuɗi za a raba, da suka ji babu sai suka koma harkarsu. Wata tsohuwa ta ce ƙanen ubanta ya tafi tun ba a haife ta ba, bai komo ba. Ba ta san sunansa na yanka ba, don a gidan ba a faɗinsa, sunan kakansu ne. Laƙabi kaɗai ta sani. Dattijo ya rubuta laƙabin. A wani gida kuma ba labarin da ba ne. Ɗansu ne, sojan Nijar, ya faɗi a bakin iyaka cikin shekarun nan na ƴan ta'adda. Duk ƙasa ta ji Inates, inda aka rasa soja 71 a Disamba 2019, ta ji Cinagodar a Janairu 2020, inda aka rasa 89. Ba a can yaron ya faɗi ba. Wurin da ya faɗi ko rediyo bai faɗe shi ba. Uwar ta fito da hotonsa daga ƙarƙashin katifa. Dattijo ya rubuta sunan a shafi guda da na mazan jiya. Bai raba su ba.

Da maganar ta kai kunnen liman, ya aika a kira shi. Ya ce:

"Malam, mamaci addu'a yake so. Ƙaho ba ya isa kabari."

Dattijo ya ce: "Gaskiya ne, Allah gafarta malam. Addu'a tasu ce. Busar ta masu rai ce, don su yi shiru su ji sunan."

Liman ya yi nazari. Ya ce in haka ne, addu'a ce gaba. Aka tsaya a kan haka. Mai gari ya yarda, mushen lakwal ya ba da fili.

Ran 18 ga Disamba da safe hunturu ya sauko da ƙura. Ƴan lakwal suka yi layi gaban tuta. Mata suka tsaya daga gefe, lulluɓe da zane. Samarin gindin bedi ma sun zo, har da mai maganar tsohon ƙarfe. Babu babbar ganga, babu ƙaho mai maɓalli. Makaɗin gayya ne ya zo da gangarsa, dattijo ya nuna masa yadda zai yi gurnanin.

Liman ya yi addu'a, aka shafa. Dattijo ya buɗe littafi, amma ƙura da hawaye suka hana shi gani. Ya miƙa wa jikan. Yaro ya karanta suna ɗaya ɗaya, da sunan gidan kowa. Da ya kai laƙabin nan, tsohuwar ta ce "Na'am," da ƙarfi, kamar ita aka kira. Sunan uban dattijon ne na ƙarshe, don shi ya ce a sa shi can.

Sannan ya warware rawani, ya ɗaga begila. Haƙoransa na gaba biyu sun faɗi, kuma sanyi ya busar da leɓe. Muryar farko ta fashe. Wani yaro ya fara dariya, aka daka masa tsawa. Dattijo ya goge baki da hannun riga, ya sake. Wannan karon ta fita, ta yi tsawo, har awakin da ke bayan danga suka ɗaga kai.

Da aka watse, yana naɗe begila, sai saurayin nan ya matso. Ya durƙusa ya gaishe shi. Ya yi ta kewaye kewaye, daga baya ya ce:

"Baba, wuya gare ta?"

Dattijo ya dube shi. Ya ce: "Murya biyar ce. Ka zo bayan la'asar, bayan rumbu. Ka shafo man kaɗe a leɓe, hunturun bana ba shi da kirki."